Hannun Hagun Direba

Mai-agogo yana kokawa da maɓallin wuyan rigarsa sa'ad da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sau uku aka buga, ba da ƙarfi ba, kuma sai da aka ɗan jinkirta kafin na ukun, kamar mai bugun ya tsaya ya huta. Matarsa ce ta buɗe. Maƙwabcinsu Direba ne tsaye a baranda, ya ɓoye hannun dama a bayansa, na hagun kuwa yana sama a dunƙule, yana ɗan karkarwa.

"Da wanne na buga?" in ji shi.

Matar ta dubi hannun, ta dubi fuskarsa, sai ta riƙe baki tana hamdala. Kafin a jima matar mai walda ta leƙo daga bene na sama, mai shagon ƙasa ya hauro da biro a kunne, aka sa Direba ya sake bugawa don kowa ya gani da idonsa. Ya kuwa sake, har sau biyu. Mai-agogo na zaune a bakin gado, maɓallin bai shiga ba har yanzu. Ya ce barka, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma ce in an gama biki a tuna motar da za ta kai su asibiti ba ta jiran kowa.

Shekara goma sha huɗu ke nan suna zaune a wannan gidan haya, ƙofa na kallon ƙofa. Mai-agogo ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya fara kayarwa, shekara biyu da rabi da suka wuce, yana kan teburinsa a bakin kasuwa da gilashin duba ƙananan kaya manne a ido. Ɓarin dama ya tafi. Daga baya ƙafa ta dawo, ko da yake jan ta yake yi, baki ma ya miƙe, amma hannun ya ƙi. Ya naɗe a ƙirjinsa, yatsun suka dunƙule kamar suna riƙe da wani abu da ba su son a gani. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗaukar kusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, ya koma ba ya iya riƙe cokali. Ya saki rumfar, aka kawo masa teburin gindin taga, tsofaffin masu hulɗa da shi suna ɗan biyo shi gida ya canja musu batir ko maɗauri da hannun hagu.

Direba kuwa bas ɗin ma'aikata ya ja har ya yi ritaya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, yana zaune da autarsa, malamar firamare, wadda duk gidan ke kira Auta. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin murya, in yana dariya har gilashin taga sai ya amsa. Wata biyar da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki da safe, ya tashi babu ɓarin hagu.

Da aka sallamo shi, Mai-agogo ne ya zama malaminsa. Shi ya nuna masa cewa hannun da ya mutu ake fara zurawa a riga, shi ne kuma na ƙarshe wajen cirewa. Shi ya koya masa yadda ake sauka daga bene, wace ƙafa ke yin gaba, da yadda ake matse kwalba tsakanin gwiwoyi a buɗe ta. Ranar da Direba ya fashe da kuka saboda ya kasa ɗaure wandonsa, Mai-agogo ne ya tura ƙofar ya zauna kusa da shi har ya yi shiru. Tun daga nan Direba ke kiransa Yaya, duk da shi Direban ya girme shi da shekara uku, wai ai a ciwo shi ne babba. Kuma in za a faɗi gaskiya, waɗannan watannin su ne mafi daɗi da Mai-agogo ya gani tun da ya kwanta. Ya samu wanda ya fi shi rauni, ya samu wanda ke jiran ya buɗe baki. Bai taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko kansa ma bai cika faɗa wa ba.

Sai tabarau ya zo.

Litinin da Alhamis suke zuwa ɗakin gashi na asibiti, inda ake motsa gaɓoɓin masu irin ciwonsu. Wata Litinin likitar gashin, wata gajeriyar mata mai saurin magana, ta tara su ta nuna musu wani abu mai kama da ƙaramin akwati da maɗaurin kai, wanda ake sawa a ido kamar tabarau. Ta ce in mutum ya sa, ba zai ƙara ganin ɗakin ba, sai ya gan shi a wani wuri na daban da kwamfuta ta zana. Za a ɗaura masa wata 'yar na'ura a hannun da ya shanye, in ya motsa shi ko kaɗan, hannun da yake gani a ciki zai miƙe sosai kamar lafiyayye. Ta ce ƙwaƙwalwa na son a lallaɓa ta, in ta yi ta ganin hannun yana aiki, tana maimaitawa ba gajiya, takan nemi sabuwar hanyar aika masa saƙo. Direba ya ce ya gane, kamar gada ce ta karye, a bi da motoci ta cikin gari. Likitar ta ce ko ita ba za ta faɗa fiye da haka ba.

Gurbi shida ne kawai, kuma za a fara da waɗanda ciwonsu bai wuce wata shida ba. Sauran an rubuta su a jerin masu jira. Aka ɗauki Direba. Mai-agogo shi ne na farko a jerin, likitar ta ma nuna masa sunansa a saman takarda kamar wani abin alfahari ne.

Da farko abin dariya ya ba shi. Akwai tagar gilashi tsakanin babban zauren da ɗakin tabarau, yana zaune yana jan igiya da matsa ƙwallon roba kamar yadda ya shekara biyu yana yi, sai ya hango ƙaton maƙwabcinsa da akwati a fuska, baki buɗe, yana lalube cikin iska kamar mai kamun ƙuda. Ya gaya wa matarsa cewa wasan yara ne aka kawo wa tsofaffi. Amma a motar haya, kan hanyar komawa, Direba ba ya rufe baki. Wai lambu ne, itatuwan lemu jere, kwando a gefe, kana tsinka kana jefawa, in ka yi da kyau wani tsuntsu ya yi kuka. Wai akwai taga da ake gogewa, in ka goge sai teku ya bayyana a bayanta. Wai hannun da ke ciki ba shi da tabo ko ɗaya, har farcensa a yanke. Ranar farko lemu bakwai ya tsinka. Mako na biyu ya kai ashirin. Mako na biyar ya wuce hamsin, ya kuma buga ƙofa.

Mai-agogo yakan juya fuska ga tagar mota, yana kallon masu gyaran taya da shagunan waya suna wucewa. An ce wanda ya riga ka kwanciya shi zai riga ka tashi, to shi ga shi ya riga kwanciya da shekara biyu, wani ya zo jiya yana shirin naɗe tabarma. Kuma me tsohon direba zai yi da hannun hagu? Ba mota zai sake ja ba, damansa lafiya lau, yana ci da shi, yana gaisawa da shi. Shi da yatsu ne abincinsa, shi aka bari da ƙwallon roba. In wannan tunanin ya zo masa yakan yi istigfari, ya tafi, kafin su kai kwanar gida ya dawo.

Matarsa ta lura, don labarin zuciya a tambayi fuska. Ta ga ya daina barin ƙofa a buɗe da yamma, ta ga in ya ji dariyar Direba sai ya ƙara muryar rediyo. Ta ce masa ya kamata ya nuna wa bawan Allah nan farin ciki, ko don zaman tare. Ya ce ai ya yi masa barka, ko so ake ya ɗauko makaɗa? Ta ce ba ta ce ba, amma barkar tasa ko gishiri babu. Ya ce ta je ta duba tukunyarta, can ake bukatar gishiri.

Wata Alhamis suna jiran mota a kan bencin da ke ƙofar asibiti, Direba na cikin ba da labarin yadda ya kusa kamo wani lemu da ke can ƙololuwa, sai maganar ta narke a bakinsa. Kalmomin suka riƙa fitowa a tauye, kamar ya cika baki da ruwa. Ya dafe ido ɗaya. Mai-agogo ya san wannan muryar, ya taɓa jin ta daga nasa bakin. Ya yunƙura zai kira ma'aikata, Direba ya damƙe masa riga da hannun dama ya ƙi saki. Bayan kamar minti huɗu harshen ya warware.

Nan ya faɗa masa komai. Wannan ne karo na biyu. Maganin hawan jini yana kashe masa jiki, yana sa shi jiri a cikin tabarau, lemun su riƙa rabuwa biyu. Don haka ya daina sha kullum, sai jajibirin zuwa asibiti yake haɗiya don awo ya yi kyau, sauran kuwa yana zubawa a aljihu kada Auta ta gani. Kullum likitar na tambayarsa ko akwai ciwon kai ko jiri, kullum yana cewa ras yake.

"Saura mako uku in gama, Yaya," ya ce. "In ta ji, cire ni za ta yi. Ka rufa mini asiri, daga na gama zan koma sha kamar yadda aka ce."

Mai-agogo ya ce wannan ganganci ne, wanda ya taɓa faɗawa rijiya ba ya wasa a bakinta. Direba ya ce ya sani, amma hannu ya fara jin kira, ba zai saki yanzu ba. Mota ta zo, suka shiga.

Kwana goma sha ɗaya Mai-agogo ya yi da maganar nan a cikinsa. Ya san abin da ya dace. In ya yi shiru wani abu ya faru, da shi a ciki. Amma duk sa'ad da ya ƙudura zai faɗa, sai ya hango takardar nan da sunansa a sama, ya ji wani sanyi mai daɗi ya ratsa shi, sai kunya ta kama shi ya fasa. Ya kasa gane wanne ne ke tura shi, tsoron Allah ko son gurbi. Ya yi ƙoƙarin sake yi wa Direba magana a baranda, shi kuwa ya mayar da abin wasa, ya ce likitoci biyu sun yi masa yawa.

Ranar Lahadi wani tsohon mai hulɗa da shi, ma'aikacin gidan waya mai ritaya, ya kawo agogo a canja masa batir. Mai-agogo ya matse agogon a ɗan ƙarfen da ke bakin tebur, ya sa wuƙar buɗe murfi da hagu. Agogon ya zame. Ya gyara, ya sake zamewa, ya faɗo kan cinyarsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, baƙon ya fara kallon silin don kada ya ba shi kunya. Direba, da ya shigo aron jarida, ya matso ya ce a kawo ya riƙe. Da hannun hagu ya riƙe, babban yatsa da manuni, cak, agogon bai ko motsa ba har aka buɗe aka rufe. Baƙon ya yi ta mamaki, ya ce ashe dai ana warkewa daga ciwon nan, ya juya ga Mai-agogo ya ce, "Kai ma ka dage mana, Malam, ka ga ɗan'uwanka."

Washegari Litinin, tun kafin a kira Direba ɗakin tabarau, Mai-agogo ya ja ƙafarsa zuwa teburin likitar ya ce yana da magana. Bai rage komai ba, har aljihun da ake zuba maganin ya faɗa. Yana magana yana jin muryarsa a natse, irin ta mutumin kirki mai damuwa da maƙwabcinsa, kuma ya tsani muryar.

Likitar ba ta ɓata lokaci ba. Aka kira Direba wani ɗaki, aka kira babban likita, aka buga wa Auta waya ta baro aji ta zo. Aka canja masa magani, aka rubuta masa gwaje-gwaje, aka ce ba shi ba tabarau sai jininsa ya daidaita an kuma ga sakamako. Da za su tafi Auta ta tsayar da mota ta daban. Mai-agogo ya koma gida shi kaɗai, da takarda a aljihu mai cewa ranar Alhamis ƙarfe goma gurbin nasa ne.

Kwana uku ƙofar Direba na rufe. Ana jin Auta da safe tana tsaye a kansa sai ya haɗiye magani ya buɗe baki ta gani. A rana ta huɗu da la'asar Mai-agogo ya fito zubar da ruwan shayi, ya tarar da shi zaune a kujerar roba a baranda, ya ɗora hannun hagun a cinya yana buɗe yatsu yana rufewa. Ba hanyar komawa, sai ya yi sallama. Direba ya amsa, bai ɗago ba.

"Kai ka gaya wa likitar."

"Ni ne."

"Don lafiyata?"

Mai-agogo ya dubi kofin da ke hannunsa. A ƙasa mai shago na jan ƙofar ƙarfe, wani yana ta danna hon a titi. Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, kuma rabinta ma gaskiya ce.

"Har da ita," ya ce.

Direba ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ba irin mai girgiza taga ba.

"Har da ita. To, ka fi wasu." Ya mayar da ido kan yatsunsa. "In ka shiga, kada ka bi ta lemun sama, wahalar da kai za su yi. Fara da na kusa da kwando. Kuma kada ka ɗaga kafaɗa, tana gani a kwamfuta, za ta ce ka yi maguɗi."

Da zaginsa ya yi, da Mai-agogo ya fi samun barci.

Ya riga ya shiga ɗakin tabarau sau ɗaya a ranar, bai dai faɗa ba. Likitar ta ɗaura masa akwatin, ɗakin ya ɓace, sai ga lambun, kore shar, ya fi yadda aka ba shi labari. Ya sunkuya ya ga hannun dama a miƙe, yatsu biyar a buɗe, sumul. Numfashinsa ya tsaya. Shekara biyu da rabi rabonsa da ganin tafin hannunsa a buɗe ba tare da wani ya ɓamɓare shi ba. Ya yunƙura, hannun cikin ya ɗan matsa, ya tsaya nesa da reshe. Ya yi ta yunƙuri har rigarsa ta jiƙe. Minti ashirin, lemu biyu. Likitar ta ce madalla, ga wanda ya daɗe haka wannan farawa ce mai kyau, kada ya gwada kansa da kowa. Amma da tana cire masa na'urar ya saci kallon kwamfutar, ya ga layin da ke sama da nasa, na mai gurbin kafin shi. Sittin da takwas.

Zuwa na biyu ya samu uku. Na uku ya koma biyu. Ashe ba tabarau kaɗai ba ne, har da hannun da aka kai masa. Da can yana da abin da zai ɗora wa laifi, yana cewa an hana shi ne. Yanzu an ba shi, kuma ko a lambun ƙarya Direba ya fi shi. A gida kuwa, ta tagarsa, yana ganin maƙwabcin nasa a baranda kullum da yamma, ba tabarau ba komai, ya rufe ido yana miƙa hannu cikin iska yana tsinkar abin da babu, yana jefawa a kwandon da babu, don kada hannun ya manta.

Kwana goma sha biyu bayan an dakatar da shi, ranar Asabar da hantsi, Mai-agogo ya ji ƙarar faɗuwar kujera, sannan muryar Auta tana kiran babanta, kira irin wanda ba a yi sau biyu a rayuwa. Ya fito da saurin da ƙafarsa ta yarda. Direba na kwance a ƙasa, ido buɗe, shayi ya malale har bakin matakala. Mai walda da mai shago suka kinkime shi zuwa mota.

Wannan karon ɓarin dama ne, kuma ya tafi da magana. Likitoci suka ce babba ne, a yi ta addu'a. Mai-agogo bai je ba ranar farko, ya ce ƙafarsa na ciwo. Rana ta biyu matarsa ta ajiye masa takalmansa a gabansa, ya sa.

A bakin ɗakin marasa lafiya Auta ta tare shi, idanunta sun kumbura. Ta riƙe masa hannun riga ta ce ba ta samu ta yi masa godiya ba. Ta ce likita ya gaya mata da ba a gano ba, da wataƙila tun tuni abin ya faru, shi ne ya ba su waɗannan kwanakin, kuma ko ba komai ta san ba ta bar mahaifinta da sakaci ba. Ta ce, "Baba, kai kaɗai ka ƙaunace shi har ka yarda ya yi fushi da kai." Mai-agogo ya ce ba komai, yi wa kai ne. Ya ji kamar ta ɗora masa dutse a ka ta ce ya riƙe mata.

Direba ya ƙanƙance a gadon, kamar an sace rabinsa. Roba a hanci, roba a hannu, bakin ya karkace. Hannun daman, wanda ya shekara talatin yana sarrafa giyar mota, yana yashe a gefe kamar ba nasa ba. Mai-agogo ya ja kujera ya zauna ta hagunsa, ya yi masa sannu, ya ce mutanen gida duk suna gaishe shi, mai shago ya ce jaridarsa na nan an ajiye. Idon Direba ɗaya ya juyo a hankali ya tsaya a kansa.

Sai hannun hagun ya motsa. Ya taso daga kan zanen gado, ya ratsa ta tsakanin ƙarafan gefe, yana lalube, ya wuce lafiyayyen hannun Mai-agogo da ke miƙe yana jira, ya je ya sami wancan, naɗaɗɗen da ke ƙirji. Yatsun suka bi bayan dunƙulen, suka sami babban yatsa, suka fara ɓamɓare shi a hankali, yadda likitar ke yi musu. Ɗaya, sannan manuni, sannan na tsakiya. Da tafin ya buɗe, Direba ya zura nasa a ciki ya damƙe.

Riƙon na da ƙarfi. Abin da Mai-agogo ya fara ji ke nan, kafin tausayi, kafin komai: ji ƙarfin riƙo, a wata shida kacal. Mutum na bakin kabari, shi kuwa yana auna masa yatsu yana jin haushi. Da ya gane abin da zuciyarsa ke yi sai hawaye suka zubo masa, ba shi kuma da hannun sharewa, don na hagun na dafe da ƙarfen gado kada ya kife. Ya bar su suna sauka a kan rigarsa.

"Na samu uku ranar Litinin," ya ce da shi. "Na kusa da kwando, yadda ka ce."

Gefen bakin Direba mai motsi ya ɗan ja sama. Ko dariya ce, ko ciwo ne, Allah kaɗai ya sani. Bai saki ba har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare, ita ce ma ta raba hannuwan, yatsa bayan yatsa.

Washegari da azahar ya cika, Auta na gefensa. Aka yi masa sutura aka kai shi, tsofaffin abokan aikinsa suka zo da yawa, har da waɗanda ya yi shekaru yana kaiwa ofis suna barci a bayansa. Masu zuwa gaisuwa suka cika baranda kwana da kwanaki, kowa ya zauna sai ya ba da labarin yadda hannun marigayi ya dawo kamar a mafarki, sai a juyo a ce wa Mai-agogo saura shi, in sha Allahu. Yana cewa amin. Alhamis ta zo bai je asibiti ba, Litinin ma haka. Likitar ta aiko a gaya masa gurbinsa na nan, amma ba za ta iya riƙe shi fiye da mako guda ba, akwai masu jira. Ya ce a ce mata ya ji.

Ranar Laraba da safe, bayan baƙi sun ɗauke ƙafa, ya fito ya tarar da Auta ta wanke kayan mahaifinta za ta bayar, tana shanya a igiyar baranda. Iska na kaɗawa, ga bokiti, ga riguna a kafaɗarta, ga 'yan maƙalan shanya tana ta zubarwa a ƙasa. Ya tsaya kusa da ita ya ce ko akwai abin da zai taimaka. Ta dube shi, ta rasa abin da za ta ba mai hannu ɗaya da ke dafe da bango. Sai ta ɗebo maƙalan ta cusa su cikin dunƙulen hannunsa na dama, inda ba abin da ke faɗuwa.

Ta ci gaba da shanya. In ta yarfa riga a igiya sai ta juyo ta zare biyu daga tsakanin yatsunsa, ta maƙale, ta matsa gaba, shi kuma ya ja ƙafa ya bi ta. Wandunan aiki masu ruwan toka, farar singileti, wata tsohuwar rigar sanyi da gwiwar hannunta ta ɗashe. Ruwa na ɗiga daga bakin rigunan yana yin ɗigo-ɗigo a kan siminti, har suka kai ƙarshen igiyar, saura maƙali ɗaya a hannunsa.